Yadda Na Koya wa Kawu Kuka

A Dakoro babu mai ce mini mai ɗaukar hoto, balle mai haɗa fim. In an so a girmama ni sai a ce mai gyaran waya. In ba a so ba sai a ce "ɗan fim ɗin nan da ya dawo", da irin muryar da ake ambaton wanda aka sallamo daga gidan kaso. Na yi shekaru a bayan kamara, a Maraɗi da Damagaram, har Kano na zauna ina montaj, wato yanka hoto da jera shi har ya tashi labari. Da kasuwar faifan fim ta mutu kowa ya kama gabansa. Wasu abokan aikina sun koma sayar da atamfa, wasu suna bin 'yan siyasa suna ɗaukar tafi. Ni na tattara kwamfutata da igiyoyina na dawo gida, na kama ɗan shago kusa da tasha.

Yanzu cajin waya nake yi, da canza gilashin da ya fashe, da ciro hotunan biki daga katin da ya ƙi buɗewa. Amma hannuna bai iya zama ba. Faifan hasken ranar da ke bisa rufin shagon ni na ɗora shi. Kwamfutar da zafin bazara ke neman kashewa na ɗaura mata fankar wata matacciyar mota. Na ƙera abin riƙe waya don kada hoto ya yi rawa, da ƙarfen tsohon keke, kuma wallahi ya fi wasu na kanti aiki. Da sassafe, kafin rezo, wato layin intanet, ya cunkushe, nakan karanta labarin sababbin kamarorin da har in mutu ba zan riƙe ba. Matata takan ce ina kallonsu kamar kyanwa a gaban rumfar mahauci. Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa ba na tanka mata.

Dangina ba su taɓa yafe mini fim ba. A wurinsu sana'ar marasa kunya ce. Ba zagina suke yi ba, da ma zagin ne da sauƙi. Sai dai in ana maganar manya a yi shiru in na iso, in za a aika neman aure a tsallake ni a kira ƙanena. Mutum ɗaya ne bai taɓa canza mini fuska ba, shi ne Kawu, yayan mahaifiyata.

Kawu yana zaune a wani ƙaramin gari a hanyar Ajekoriya. Manomin gero ne mai 'yan shanu da awaki, ba wani mai dukiya ba. Abin da yake da shi mutunci ne. In shanun makiyayi suka shiga gonar wani, kafin a ɗauki sanda sai a ce a kira shi, kuma manomin da makiyayin duk su yarda da abin da ya yanke. A kasuwar dabbobi in ya dafa bayan sa ya ce wannan ba na sata ba ne, ciniki ya ƙare. Dogo ne, kullum cikin rawani, amawali ya rufe masa baki. Tun ina yaro ban taɓa ganin kansa a buɗe ba. Ranar da aka binne babban ɗansa, shi ne ya riƙa bin masu kuka yana ba su haƙuri.

Sai rijiyar garinsu ta rufta a ƙarshen wata damina. Ruwa a ƙasarmu yana da nisa ƙwarai, jaki ne ke jan igiyar guga, ya yi ta tafiya har ya kusa ɓace maka kafin gugan ya leƙo. Irin wannan rijiya in ta rufta ba a tashi da fartanya a gyara ta. Matan garin suka koma wata rijiyar makiyaya can bayan tuddai. Su fita da jakuna tun asuba, su jira a gama shayar da raƙuma da shanu, su dawo da rana tsaka. Matar ƙaramin ɗan Kawu ta yi ɓari a wannan hanya. Ba daga bakinsa na ji ba, matarsa ce ta raɗa mini. Shi ko da wuƙa a wuya ba zai ambaci cikin surukarsa ba.

Ana cikin haka wani jami'in proje, wato ƙungiyar ba da tallafi, ya zo daga Maraɗi. Ya ce za su haƙa foraj guda a yankin, rijiyar burtsatse mai tanki da famfo, amma garuruwan da ke nema suna da yawa. Masu ba da tallafin suna can wata ƙasa, kuma sun ce kowane gari ya aiko da gajeren bidiyo ya nuna halin da yake ciki. Kawu ya aiko a kira ni. Ranar na ji daɗi har cikin ƙashina. Karon farko ke nan da sana'ar da ake tsallake ni dominta ta zama ita ake nema. Na ɗauki wayata mai kyau da ƙarfen kekena, na hau moto, wato babur, kamar wanda aka naɗa sarauta.

Da na isa na tarar an share garin tas. Kowa ya ciro kayan Sallah, wanda ba shi da su ya aro. An wanke yara an shafe su da mai suna ta sheƙi, da ruwan da iyayensu mata suka ninka sawu suka ɗebo don kada idon baƙo ya ga datti. An yanka ɗan akuya. An jera randuna a ƙofar gida cike da ruwa, har da faifai a rufe. Kawu ya fito cikin shuɗiyar babbar riga mai aiki, ya tsaya a bakin ruftacciyar rijiyar kamar ita ce ta zo gaishe shi. A wurinsu kamara baƙuwa ce, kuma su ba sa tarbar baƙo da tsumma.

Na saita hoto na ce, "Kawu, hwaɗa masu wahalar da kuke sha."

Ya gyara amawali ya ce, "Alhamdu lillahi. Muna cikin rufin asirin Allah. Rijiyarmu dai ta samu 'yar matsala, amma akwai waɗanda sunka hi mu wahala."

Na tsayar na ce ya ƙara bayani. Ya ƙara godiya. Na juya wurin matan, wata ta rufe baki da gefen zane tana dariya, wata ta ce ai sun saba. Haka na yi ta fama har la'asar, haske ya yi laushi ya kwanta a kan shuɗiyar rigar da jan yashi, ni kuma tsohon ciwona ya motsa. Na ɗauki hoto mai kyau, irin wanda na daɗe ban ɗauka ba. Da na haɗa shi a shago na ce ko ba komai duniya za ta ga mutanena yadda suke.

Jami'in projen ya biyo ta shagon ya kalla a tsaye. Bahaushe ne kamar ni, mai sanyin magana, ba mugu ba. Da bidiyon ya ƙare ya yi ajiyar zuciya.

"Malam, aikinka ya yi kyau, amma wanga ai kamar ɗaurin aure. Waɗanda za su kalla ba su jin Hausa, huska suke dubi. In sunka ga tsoho da riga mai aiki da randuna cike, mi za ni ce masu?"

Na ce ya gaya musu haka talakan ƙasar nan yake, yunwa na cinsa yana cewa ya ƙoshi. Ya ce ya sani, uwarsa ma haka take. Sai ya ciro wayarsa ya nuna mini na wani gari: wata tsohuwa zaune a ƙasa tana kuka a kan busasshen bokiti. Ya ce wannan ne ke gaba, amma zai iya jinkirta aikawa kaɗan in muna so mu sake. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Na san wannan kukan, na sha ɗaukar irinsa. Daga yadda ƙwallar ta zubo na gane akwai ɗan'uwana ɗan fim a can garin ma. Haushi ya cika ni, irin wanda ba ka san wa za ka ɗora wa ba. Mutane suna can cikin sanyin biro, wato ofis, ruwa na zuba a makewayinsu da danna ɗan ƙarfe, amma ba za su ba ka kofi guda ba sai sun ga ruwan idonka tukuna. Ranar da wuri na rufe shago.

Washegari na koma wurin Kawu da niyyar in ce mu haƙura. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na faɗa masa komai, har da tsohuwar da bokitinta. Yana saurare, hannunsa na ta murza kaba. Can ya ce, "Su waɗanda kuke sawa kuka cikin hilim ɗin naku, da gaske suke yi?"

Na yi dariya na ce ina, man zafi ne ake ɗan shafa musu a ƙarƙashin ido, irin na ciwon kai.

"Akwai shi wurinka?"

Na daina dariya. Na ce, "Haba Kawu. Ba kai ba. In ma za a yi, sai mu samu wata tsohuwa cikin gari."

"In zamna ni, in sa matar wani ta yi kuka gaban duniya don in sha ruwa?" Ya ajiye igiyar. "Wa anka ce shi ne babba garin ga? In ana raba nama ni ake hwara ba. To wanga ma rabona ne. Jibi ka taho da man."

Na yi gardama, na kawo dabaru. Na ce mu ɗauki ƙafafun mata a cikin yashi, mu ɗauki gindin randa a bushe, ba sai an ga fuskar kowa ba. Ya tambaye ni ko hakan zai fi tsohuwar can. Ni ɗan sana'a ne, na san amsar, kuma shi ba a yi masa ƙarya. Na ce ba zai fi ba.

Ranar da muka sake ɗauka ya sa kowa ya tafi harkarsa, maza daji, mata rijiya. Daga ni sai shi a bakin ramin. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da haske ke tona duk wata tamoji a fuska. Na sa ya sako 'yar shararsa ta noma mai yage a kafaɗa. Sai na tsaya ina kame-kame, don saura abu ɗaya kuma bakina ya ƙi faɗa. Shi ya gane. Ya warware rawanin da kansa, ya naɗe shi a hankali ya ɗora bisa wani kututture. Kansa ƙarami ne, fari fat, da wani tsohon tabo a bayan kunne. Na ji kamar na shiga masa ɗaki ba sallama.

Daga nan na zama darakta, shi ya zama ɗan wasa, kuma Allah ya sani ban taɓa samun mai biyayyarsa ba. Na nuna masa inda ake shafa man, ƙasa da ido ba ciki ba. Na ce kada ya share, ya dubi gefen kamara kamar yana hango wani da ya tafi. Na farko bai yi ba, hawaye na zuba amma fuskar ta mai shirin marin wani ce. Na ce, "Kawu, saki leɓenka. Sauke kahwaɗa. Ka manta kai ne." Ya ce to. Muka sake, muka sake. Mutumin da in ya yi gyaran murya kasuwa ke yin tsit, ga shi ina ce masa ya ƙara lanƙwasa wuya, yana lanƙwasawa. A ƙarshe ya riƙe busasshen guga da hannu biyu, ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Ku taimake mu. Ƙishirwa za ta kashe mu. Ku taimake mu don Allah." Bai ambaci surukarsa ba. Abin da ke cinsa na gaskiya ya bar shi a ciki, ya ba su na man zafi.

Da na ce ya yi, ya wanke fuska da ɗan ruwan buta, ya mayar da rawaninsa. Ya tambaye ni wa zai gani. Na ce mutanen can nesa ne kawai, domin abin da jami'in ya tabbatar mini ke nan. Ya ce, "To, su ba su san ni ba."

Na koma shago na yi masa aikin da na iya. Na rage kalar har yashin ya koma toka, na jinkirta hoton daidai inda ƙwallar ta gangaro cikin gemu, na sa kukan iska ƙasa-ƙasa. Duk shekarun da na yi a fim ban haɗa abin da ya kai shi taɓa zuciya ba.

Garin Kawu aka ba. Babbar mota ta zo da injin haƙa, aka yi kwanaki ana ruri, aka kafa tanki bisa ƙarafa da faifan hasken rana. Har ni na taya su jan waya, don ba na iya ganin ana haɗa abu in tsaya. Ranar da ruwa ya fara zuba tsofaffin mata suka yi ta guɗa suna tara hannu, surukar Kawu na tsaye a baya da tulunta tana murmushi a ɓoye. Wannan gaskiya ne, ba zan rage masa komai ba. Ruwan mai daɗi ne, yana nan yana zuba har yau.

Sai bikin buɗewa. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru. Magajin gari ya zo, da baƙi daga Yamai, da wasu Turawa, da shugabannin makiyaya, da masu garin ƙauyukan kewaye, da surukan Kawu na kusa da na nesa. 'Yan projen suka kawo ƙatuwar talabijin, suka ɗauke ni in kula da sauti tunda ina da lasifika mai kyau. Bayan jawabai wata ma'aikaciyarsu ta miƙo mini ɗan abin ajiye bidiyo ta ce in kunna. Na zaci hotunan haƙa ne. Na danna.

Kan Kawu ne ya cika gilashin, ba rawani. Muryarsa ta fito ta lasifikar da na saita da hannuna, tangaran: ku taimake mu. Shi kuwa yana zaune a sahun gaba cikin shuɗiyar rigarsa, tsakanin magajin gari da wani arɗo da suka daɗe suna sasanta rigima tare. Wurin ya mutu. Dattawa suka sunkuyar da kai, matan gari suka ja mayafi. Na kai hannu zan fizge igiyar, sai idona ya haɗu da na Kawu, ya girgiza mini kai kaɗan. Ba zai bari a kunyata baƙinsa ba, ko da su suna tuɓe shi. Da ya ƙare baƙin suka yi tafi, wata Baturiya har da share ido, ta zo ta kama hannunsa. A bayan rumfa kuwa samari sun riga sun ɗaga wayoyi sun ɗauke shi daga gilashin.

Na tare jami'in a bayan mota na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Ya ce ba shi ya tsara bikin ba, daga sama aka aiko. Kullum daga sama ake aikowa. Suka hau motocinsu masu sanyi suka tafi.

Ni ne mai gyaran waya, ni na fi kowa sanin inda abin ya kai. Duk wayar da aka kawo mini, in na buɗe sai in gan shi a ciki. Da fari yadda yake. Daga baya wani ya yanke shi ya bar "ku taimake mu" kaɗai, wani ya ɗora masa kiɗa. Ya zama abin da samari ke tura wa juna in ƙungiyar ƙwallonsu ta sha kashi, ko budurwa ta ƙi ɗaukar waya. Direbobi suka kai shi Kornaka, 'yan kasuwa suka kai shi Sabon Maci. Na yi ta sharewa a ɓoye daga wayoyin mutane, kamar mai korar fara daga gona da mafici. Yawancinsu ba su ma san ko wane ne ba. Waɗanda suka sani su ne matsalar.

Aka yi wata ɓarna a gona, aka kira shi kamar yadda aka saba. Yana cikin magana wani matashin makiyayi da hukuncin bai yi wa daɗi ba ya lanƙwasa wuya ya ce, "Ku taimake mu," aka ƙyalƙyale. Uban yaron ya mare shi a wurin, amma an riga an yi dariyar. Daga ranar Kawu ya daina zuwa sasanci, ya daina zuwa kasuwa. Matarsa ta ce daga ɗaki sai masallaci.

Na je na same shi na ce ya bar ni in yi wani bidiyon, in fito da fuskata in ce ni na shirya, man zafi ne, Kawu bai yi kuka ba. Ya dube ni kamar na ce mu je mu yi sata.

"Yanzu suna cewa tsoho ya yi raki. In ka hwaɗi haka, sai su ce tsoho ya yi ƙarya. Wanda ya yi ƙarya gaban Turawa, mi za shi hana shi yi bisa sa ko bisa gona? Bar mani rakin."

Na fito na tsaya a bakin famfon, na tsani sana'ata, na tsani masu tafi, na tsani kowace waya da ke aljihun kowa, duk da su ke ciyar da ni.

Bayan watanni, wata ranar kasuwar Dakoro da hantsi, ina cikin liƙa wata 'yar waya da dalma sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Kawu ne. Bai taɓa taka shagona ba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na share masa benci, ya zauna yana bin igiyoyi da batura da ido. Bayan gaisuwa ya ce, "Asalin abin nan, wurinka shike?"

Na ce eh, yana cikin kwamfuta.

"Na yi tunani. Ai daga naka sunka samu. Kamar gidan rediyo ne, in can anka kashe, rediyon kowa sai shi yi shiru. Kashe naka."

Na jawo kujera na fara bayani. Na ce ba kamar rediyo ba ne, kamar iri ne, kowa ya ɗiba ya shuka a gonarsa, ko an ƙone rumbun na gonaki suna nan. Ya saurara har na gama. Na sake ta wata hanyar, na ɗauko wayoyi na nuna masa. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba amma ba ya son ya ƙaryata ka. Sai ya sassauta murya.

"Ɗana, kai ka sa shi ciki. An ce babu wanda ya san kan abubuwan ga kamarka. Ka dai gwada. Ina son in shiga kasuwa."

Wannan roƙon ba ni na koya masa ba. Na kunna kwamfutar, na juyo masa da gilashin. Na nuna masa ɗan hoton, na danna, ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Wurin ya zama fili. Na sake cewa, "Kawu, nawa kaɗai ya tahi." Ban sani ba ko ya ji. Yana ta kallon filin yana cewa alhamdu lillahi. Ya sa mini albarka mai tsawo, har da 'ya'yana da sana'ata. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya nufi kasuwar dabbobi da irin tafiyarsa ta da.

Na ja ƙofar shago na bi shi daga nesa. Ya shiga tsakanin turaku, dillalai suka gan shi suka taso, ana ta miƙo hannu ana tambayar ina ya shiga. Wani tsoho ya jawo shi ya duba masa wata saniya. Ya dafa bayanta, ya buɗe bakinta, na ga kafaɗunsa sun koma inda suke. Har na fara cewa a raina wataƙila an gaji, wataƙila an samu wani sabon abin dariyar.

Wasu samari ne ke loda raguna a wata babbar mota kusa da su. Rago ɗaya ya ƙwace ya shige ƙarƙashin motar, suka yi ta fama ya ƙi fitowa. Sai ɗayansu da ke zaune a saman kaya ya ciro waya ya danna, ya ɗaga ta sama don 'yan'uwansa su ji. Ku taimake mu. Ku taimake mu don Allah. Suka fashe da dariya. Ba su ma ga Kawu ba.

Hannun Kawu ya tsaya a bayan saniyar. Dillalan suka shiga duban ƙasa. Ya ɗauke hannun a hankali, ya yi wa tsohon sallama, ya juyo. Hanyar fita ɗaya ce, ta inda nake tsaye, ba ni da wurin ɓuya. Da ya zo daidai ni ya ɗan tsaya, bai dubi fuskata ba, ya ce, "Ka gaida mutanen gida." Ya wuce tasha ya shiga motar Ajekoriya, ya zauna can ciki tun ba ta cika ba. Bai sake zuwa Dakoro ba.